Kwanon Marigayi Boukari

Akwai wani saurayi a nan Zango, Masahudu, mai rubuta wasan kwaikwayo. Shi zai rubuta, shi zai zaɓi 'yan wasa, ran Asabar a yi a filin makaranta. Burinsa mutanen rediyo na Ankara, babban birnin ƙasar nan, su ɗauke shi aiki.

Daga arewa ya zo, bai san kowa ba. Boukari mai goro ne ya tsince shi a tasha ya ba shi ɗaki, yadda masu gida ke yi wa baƙo.

Shekarar da aka samu 'yancin kai Boukari ya rasu, matarsa Barkisu ta shiga takaba. Kullum ta gama tuwo sai ta zuba a kwanon mijinta, ta ajiye kan tabarmarsa, ta ce, "Malam, ga naka." Ni da na binne miji, na san hannu ba ya mantuwa da wuri.

Masahudu ya hango ta ta taga. Bai tambayi kowa ba, ya saka a wasa: wata gwauruwa tana ciyar da tabarma. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Bai faɗi suna ba, amma Zango ce, wa bai gane ba?

Da Barkisu ta fita takaba ta koma kasuwa, sai ta ga masu sayen goronta suna kauce mata. Wai ta taɓu. Matar da ko 'yan kasuwar ƙabilar Asante ba sa iya karya mata farashi!

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kwanon, ta same shi a filin makaranta yana gwaji da 'yan wasansa.

Ta ce, "Masahudu, ka san kwanon nan?"

Ya ce, "Mma, wasa ne fa. Ban ambaci kowa ba."

"Ban tambaye ka ba. Ka ga tuwo ya hau tabarma. Ka ga inda yake zuwa bayan nan?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Malam ya bar mini wasiyya, rabonsa na baƙonsa ne muddin yana gidan. Sai in kira sunansa don lada ta same shi, in juye a wani kwano, a ajiye a ƙofarka. Kai ne tabarmar, ɗana. Har ƙiba ka yi."

Babu wanda ya yi dariya. Masahudu ya durƙusa ya ce zai ƙone wasan.

Ta ce, "Ƙonewa ba za ta wanke ni ba. A nan ka ɓata ni, a nan za ka gyara. Ka sake rubutawa, ka saka baƙon a ciki, kuma kai za ka fito a shi."

"Mma, ko wani ya fito a madadina?"

"Ba ragi."

Ya fito da kansa, ya ci tuwon a gaban Zango, mata suna share hawaye. Wasan nan ne ya kai shi rediyo, yanzu har littafi yake rubutawa. Masu sayen goro suka dawo da kansu.

Ranar da zai tafi Ankara ta miƙa masa kwanon, ta ce, "Ci ka ƙoshi. Mahaukaciya ce ta dafa."

Darasi: Kafin ka mai da baƙin cikin wani abin dariya, ka tambaya, don rabin labari kawai taga ke nunawa. Wanda ya ji wannan ya kai wa na kusa da shi, musamman masu alƙalami.