Biri da Katakon Sama-da-Ƙasa

An yi wani filin shaƙatawa a bayan gari, mai ciyawa shar, da itatuwan mangwaro, da ɗan tabki inda agwagi ke iyo. A tsakiyarsa akwai kayan wasan yara: lilo, da wurin zamiya, da wani dogon katako da aka ɗora tsakiyarsa a kan ƙarfe. Idan wani ya zauna a wannan gefe, wani a wancan, sai su riƙa sama da ƙasa bi da bi.

Ranar Litinin ba a buɗe filin. Ranar ce dabbobi ke fitowa su sha nasu shagalin.

Kurege shi ne ke fara isowa, don shi ba ya iya zama wuri ɗaya. Ƙawarsa Bushiya ba ta da gaggawa, kuma ba ta da faɗa. Sai kuma Biri, wanda duk abin da ya gani a hannun wani sai ya ji ya fi nasa daɗi.

Wata Litinin da hantsi, Kurege da Bushiya suka hau katakon. Nauyinsu ya zo daidai. Kurege ya doka ƙafa ya yi sama, har ya hango masu tallan rake a bakin titi.

"Bushiya, na ga duniya!" in ji shi.

"To sauko, ni ma in gan ta!"

Dariyarsu ta kai kunnen Biri, wanda ke kan lilo shi kaɗai. Nan da nan lilon ya gundure shi. Ya diro, ya zo ya riƙe ƙugu.

"Ku sauka. Wannan katako nawa ne."

"Yaya Biri, tun yaushe?" in ji Kurege.

"Tun yanzu da na faɗa!"

Ran Kurege ya ɓaci, jelarsa ta miƙe. Amma Bushiya ta taɓa shi. "Ƙyale shi, mu koma inuwa mu yi kallo."

Biri ya haye gefe ɗaya. Katako ya yi ƙasa, ƙum, ya tsaya. Ya jira, shiru. Ya ruga ɗaya gefen da ke sama, shi ma ya faɗi da shi, ƙum.

"Kun lalata shi!" ya daka musu tsawa.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Kurege, yana danne dariya. "Wasan na mutum biyu ne. Sai wani ya yi ƙasa kafin wani ya yi sama. Bari mu hau tare."

"Ni da ku? Ni ba na yin ƙasa don wani. Sama kawai nake so, sama da inda kuka taɓa kaiwa!"

Can gefen shinge Jaki, wanda ke ɗauko ruwan da ake ba furannin filin, yana kiwo. Biri ya ƙwala masa kira.

"Kai mai dogon kunne! Zo ka taka min wancan gefen."

Jaki ya matso a hankali, ya dubi katako, ya dubi Biri. "Ɗan'uwa, nauyina ba naka ba ne fa."

"Wa ya tambaye ka? Taka da ƙarfi!"

"Da ƙarfi ka ce?"

"Da dukan ƙarfinka!"

Jaki ya ɗaga ƙafafun gaba biyu, ya sauke su tim!

Kurege bai taɓa ganin biri ya tashi kamar shirwa ba sai ranar. Biri ya wuce lilo, ya wuce kan mangwaro, yana ihu yana kama iska, sai ji kake tsulum a tsakiyar tabki. Agwagi suka watse suna kwak-kwak, sannan suka dawo suka kewaye shi.

"Sannu da zuwa, baƙo! Daga sama kake?"

Biri ya fito yana tari, gansakuka ta rufe masa kai kamar hula, ga wani ɗan kwaɗo zaune a kafaɗarsa. Kurege ya yi dariya har ya kwanta a ciyawa. Amma da ya ga Biri ya raɓe gindin bishiya yana rawar sanyi, ya kasa ɗaga ido, sai tausayi ya kama shi.

"Yaya Biri, zo ka hau. Iska za ta busar da kai."

"Bayan abin da na yi muku?"

"Wasa ba ya son riƙo," in ji Bushiya.

Kurege da Bushiya suka zauna gefe ɗaya, nauyinsu ya yi daidai da na Biri.

"Wayyo, matsa kaɗan, ƙayarki na sukana!" in ji Kurege.

Biri ya tuntsire da dariya, ya doka ƙafa. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya ɗaga abokansa suna shewa.

"Ashe ɗaga wani ma da daɗi!" in ji shi.

Haka suka yini, har Jaki ya riƙa yi musu kuka a madadin kiɗa.

Darasin wannan labari shi ne, abin da aka yi don jama'a ba ya daɗi a hannun mutum ɗaya. Wanda kuma ya ƙi yin ƙasa don ɗan'uwansa ya hau, in ya tashi sama ba shi zai zaɓi inda zai sauka ba.