Tafin Hannun Yaro a Kogon Maijego

Tun ba a sare kurmin gabas ba, lokacin da ɓauna ke kiwo inda kasuwa take ci yau, an yi wani maharbi, Mantau. Mantau na Hakama, kibiya ɗaya nama biyu! 'Ya'ya uku suka binne, shi da matarsa Hakama, shi ya sa da ta sami ciki na huɗu suka bar garinsu, ko Allah zai sa a dace.

Naƙuda ta kama ta ana tsakiyar damina, a gindin wani tsauni. Ya hau da ita wani kogo, nan ta haifi 'ya mace. Mantau ya kafa murhu a ciki, don maijego ba ta zama ba ruwan zafi. In sanyi ya shige ta, sai dai wani ikon Allah.

Tana kwance ta ɗaga ido. Bangon kogon cike yake da zanen shanu na jar ƙasa, masu dogayen ƙahoni, ba tozo, irin da ba ta taɓa gani ba. Sama da su, ga shatin tafin hannun yaro, ɗan mitsitsi.

Ta ce, "Maigida, kada ka kunna wutar nan. Hayaƙi zai shafe shi."

"Haba Hakama! A kan zanen mutanen da ko ƙashinsu babu? Waje ruwa ake, ke ga ki kina rawar ɗari."

"Dubi inda yake. Yaro bai kai can da kansa ba, uwarsa ce ta ɗaga shi. Namu uku ko alama ba su bari ba. Ita ta sami wannan. Bar mata."

Sai Mantau ya kwashi duwatsun murhun ya gangara da su ƙasan tsauni, ya yi musu rumfar ganye. Kwana arba'in, safe da yamma, yana hawa da tulun ruwan zafi, har gashin tsakiyar kansa ya zube. Tsofaffi sun ce ko sau ɗaya ruwan bai huce a hanya ba. Allah ne masani. Uwa ta tashi, 'ya ta rayu, zuriyarta ce ta kafa garin Murhun Mantau.

Da masu binciken tarihi suka zo, sun ce zanen ya yi shekaru dubbai, kuma rashin hayaƙi ne ya tsare shi. Har yau ko ashana ba a ƙyastawa a kogon. A garin kuwa, komai girman mutum, ranar da matarsa ta haihu shi ke ɗaukar tulun farko.