Muryar Inna a Cikin Kwamfutar da Ta Mutu

Akwai wani magidanci da yake da kwamfutar tafi-da-gidanka. A ciki ya ajiye muryar mahaifiyarsa, wadda ya ɗauka tana rera waƙar zumuntar mata tana tsinkar zogale, kafin Ubangiji ya kira ta gida. Ba shi da muryar a ko'ina sai nan. Yana jiran 'yarsa Hanatu, wadda ta ci sunan tsohuwar, ta yi wayo ya kunna mata.

Da damina ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya shiga kwamfutar. Da rana ta fito sai ya ɗora ta bisa kwanon rufi, kamar yadda ake shanya kuɓewa. Kwano ya ɗau zafi, gilashin ya tsage, maɓallan suka lanƙwashe. Ya danna, ya sake dannawa, shiru.

Ya ce wa matarsa, "Yau Inna ta sake rasuwa. In 'yan gwangwan sun zo, ki ba su."

Amma matar ba ta ba su ba. Ta naɗe kwamfutar a zane. Ranar kasuwa ta riƙo hannun yarinyar, ta ce, "Baban Hanatu, raka mu wurin mai gyara."

Mai gyara ya juya kwamfutar, ya yi dariya. "Yallaɓai, gasa ta ka yi? Wannan kam ba za ta tashi ba. Amma ai ba gilashi ke riƙe ajiya ba."

Ya kwance ta, ya zaro wani ɗan akwatin ƙarfe kamar tafin hannu, ya jona shi da tasa kwamfutar. Sai ga muryar tsohuwa ta cika shagon, har da ɗan tarin nan nata a tsakiyar waƙa!

Mutumin ya zauna a benci, yana dariya yana hawaye. Matar ta manta da kunya, ta rangaɗa guɗa. Hanatu ta ce, "Baba, wa ke waƙa?"

Ya ce, "Mai sunanki ce."

Ma'anar wannan misali ita ce, yara: kwamfutar mu ne. Wahala takan jiƙa mu, mu kuma da dabararmu mu ƙara ɓata kanmu, har a ce ba mu da sauran amfani. Matar ita ce mai bin da ba ta fid da zuciya a kan kowa. Mai gyaran kuwa Yesu ne, wanda ya san inda Uba ya ajiye abu mai daraja a cikinmu. Saboda haka kada ku yar da kowa. Ku kawo shi wurin Yesu yadda yake, za ku sake jin waƙa daga bakinsa.