Kurege da Maganar Zabuwa

An yi wani Kurege a dajin bayan wani ƙauye, mai ji da kansa saboda kaifin ƙwaƙwalwa. Duk inda ya binne gyaɗa, ko bayan wata biyar ne, kai tsaye zai je ya tono abarsa. Maƙwabtansa biyu ne: Zabuwa mai bakin tsiya, da tsohuwar Bushiya wadda ba ta cika surutu ba.

Wata rana a bakin rafi Zabuwa ta dube shi ta ce, "Kai Kurege, waɗannan haƙoran naka ai sai a yi noma da su!" Tsuntsaye suka kwashe da dariya. Kurege ya juya ya koma gida.

Tun daga ranar maganar ta tsaya masa a rai. In yana cin abinci, ita yake tunani. In yana tafiya, ita ce dai. "Da na sani na ce mata mai sanƙo," in ji shi a zuci. "A'a, da na ce mata mai muryar tsohuwar ƙofa." Haka ya yi ta saƙawa yana kwancewa har kwana huɗu.

A rana ta biyar Bushiya ta zo da sassafe tana haki.

"Ɗan nan, na ji mafarauta za su cinna wa dajin nan wuta da hantsi. Abu uku zan faɗa maka. Ka wuce babbar kuka, in ka kai suri ka yi dama, sai ka shiga kogon da ke ƙarƙashin dutse. Maimaita in ji."

"Haba Gwaggo! Ni za ki ce in maimaita? Ni da nake riƙe da ramuka arba'in a ka?"

"Idonka na kaina, amma hankalinka ba ya nan."

"Ki tafi kawai, na ji!"

Da hayaƙi ya tashi, Kurege ya saɓi buhun gyaɗarsa ya zura da gudu. Ya wuce kuka lafiya. Sai ya hangi Zabuwa ta gifta can gaba. Nan take zancen haƙora ya dawo sabo, ya shiga tsara baƙar maganar da zai yaɓa mata a gaban kowa.

Ya iso suri ya ja birki. Dama aka ce, ko hagu? Ya lalubi kansa, babu komai ciki sai muryar Zabuwa. Ya yi hagu.

Can ya yi kiciɓis da wuta. Ya yar da buhun, jelarsa ta babbake, da kyar ya faɗa cikin taɓon rafi ya tsira. Sai la'asar ya isa kogon yana ɗingishi.

Yana ganin Zabuwa ya ce, "Duk ke kika ja mini, da maganarki ta haƙora!"

Zabuwa ta karkata kai. "Waɗanne haƙora kuma? Yaushe na ce?"

Bushiya ta matsa wa Kurege wuri ya zauna.

Darasin wannan labari shi ne, kai ba ya ɗaukar abubuwa da yawa a lokaci guda. Wanda ya cika nasa da maimaita abin da ya ɓata masa rai, ba zai sami wurin ajiye abin da zai cece shi ba, kome kaifin ƙwaƙwalwarsa.