Hedimastan da Ya Kori Shanyar Shinkafa

Akwai wani hedimasta mai suna Malam Jamaluddeen, wanda aka yi wa sauyin wurin aiki daga Kumbotso zuwa firamaren Gidan Hammadu, wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Mutum ne mai son aiki, wannan kam ba za a hana shi ba. Matsalarsa ɗaya ce: idan ya kalli abu sau ɗaya, a wajensa ya gama saninsa. Tambaya ba ta cikin tsarinsa.

Ya zo ne a lokacin da hankalin gari yake a tashe. Ofishin ilimi na yankin ya sanar cewa za a zagaya makarantu. Wadda ta yi fice za a karrama ta, wadda kuma aka samu ɗalibanta sun yi kaɗan za a haɗe ta da ta kusa da ita. Sunan Gidan Hammadu yana cikin waɗanda ake shirin haɗewa, domin takardun da ke ofis tsofaffi ne, na lokacin da ajujuwan suke zama wayam.

Makarantar da ta fi kusa kuwa tana tsallaken babban kanal ɗin noman rani. Gadar da ake bi siririya ce, ba ta da abin dafawa. Babu uwar da za ta saki ɗan shekara shida ya bi ta kullum. Kowa a garin ya san idan aka rufe wannan makaranta, karatun yara da yawa ya ƙare ke nan.

Ranar Alhamis ake sa ran masu dubawa. Malam Jamaluddeen ya kama aiki ranar Litinin.

Yana shigowa da babur ɗinsa ya taka birki. Rabin filin makarantar an shimfiɗe shi da tamfal, an baza shinkafar da aka turara tana shan rana. Ƙamshinta ya cika ko'ina. Wasu tsofaffin mata biyu suna zaune a gindin darbejiya, wasu kuma suna ta shigo da buhuna a baro.

"Wannan kuma mene ne?" ya tambayi malaman da suka fito tarbarsa.

Malamar aji huɗu, Malama Rabi'atu, ta matso. Shekararta goma sha huɗu a makarantar, kuma mace ce da sai ka kasa kunne kafin ka ji muryarta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shanyar iyayen yaranmu ce. Akwai dalilin da ya sa…"

"Dalili? Malama, nan makaranta ce ko injin gyaran shinkafa? Baƙi na tafe ranar Alhamis, kina so su tarar da mu kamar kasuwar Kura?"

"Da ka ba ni minti biyar in yi maka bayani."

"Ba na buƙata. Na gani da idona."

Ya taka har gindin darbejiya, ya tsaya a kan Inna Binta, wadda ita ce shugabar matan da ke turara shinkafa a garin. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce kafin azahar kada ya ga ƙwayar shinkafa ɗaya a filin, kuma daga yau an kulle ƙofa.

Inna Binta ta dube shi tun daga takalmi har hula. Ta ce, "To, Malam. Filinku ne."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ni da na san irin waɗannan tsofaffi, idan suka ce maka "to" babu musu, nan ne ya kamata ka fara tsorata.

Kafin azahar an kwashe komai. Hedimasta ya sa aka share filin tas, aka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa. Ya tsaya yana kallo, ransa fes.

Ranar Talata aka buga ƙararrawa. Jiya yara kusan ɗari uku ne a layi, yau ko ɗari da tamanin ba su cika ba. Ranar Laraba abin ya ƙara muni. Layin 'yan mata kamar an share, ajin 'yan aji ɗaya ma kusan babu kowa, domin yayyensu mata ne suke riƙo hannunsu zuwa makaranta.

Maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai Malam Jamaluddeen ya kira Malama Rabi'atu ofis.

"Ke kika zuga su. Don na hana abin da kika ƙirƙiro, shi ne za ki kunyata ni gaban baƙi."

"Wallahi ban zuga kowa ba, ranka ya daɗe."

Ya miƙa mata takardar tuhuma, ya ce yana son amsa a rubuce kafin gobe. Ta karɓa da hannu biyu. Idonta ya ciko. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, sai dai abin da ya fi damunta shi ne gobe Alhamis, kuma kujeru za a zo a ƙirga babu yara a kansu.

Bayan an tashi, ya hau babur zai je Kura sayo lemo da ruwan baƙi. Yana hawa kwalta ya fara ganin shanya a gefen titi, tamfal bayan tamfal. A bakin kowanne akwai yarinya zaune da sanda a hannu, tana korar awaki da kaji. Wasu ma da hijabin makaranta a jikinsu.

Wata babbar mota mai ɗauke da kwandunan tumatir ta wuce a guje, har iskarta ta ɗaga gefen wani tamfal. Yarinyar da ke gadinsa ta yi tsalle ta danne shi, ƙafarta a kan kwalta. Hedimasta ya dube ta da kyau. Ya gane ta. Humaira ce 'yar aji huɗu, wadda ya yaba wa karatunta ranar Litinin.

Ya tsaya. "Humaira, me ya hana ki zuwa makaranta?"

"Malam, gadin shanya nake yi."

"To, a da wa yake yin gadin?"

"Da ai a makaranta ake shanyawa. Can akwai katanga, akuya ba ta shiga. Su Inna Binta su biyu sun isa su kula da ta kowa. Amma a titi kowacce shanya sai da mai tsaronta, ga Ummanmu tana wajen wuta."

"Wa ya shirya haka?"

"Malama Rabi'atu. Ita ta ce duk wadda take son wuri a filin, sai 'yarta tana cikin aji. Ranar da yarinya ba ta zo ba, ba a shimfiɗa tamfal ɗin gidansu."

Ya waiga ya ƙirga 'yan matan da idonsa ke iya kaiwa, ya wuce ashirin bai gama ba. Ashe shinkafar da ya kira ƙazanta ita ce take riƙe da makarantar. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, shi kuwa bai ko ɗanɗana ba ya zubar.

Lemon da bai saya ba ke nan. Ya juya kan babur.

A aji huɗu ya tarar da Malama Rabi'atu ita kaɗai, tana rubuta amsar tuhumar. Ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa kamar ɗalibin da ya makara.

Ya ce, "Malama, ba ni takardar nan." Ta ba shi. Ya yayyaga ta ya sa a aljihu. "Minti biyar kika roƙa na hana ki. Yanzu ni nake roƙo. Ki yafe mini, ki kuma gaya mini yadda za a yi."

Da wata ce, da sai ta ja masa rai, kuma da babu mai ganin laifinta. Ita kuwa rufe littafinta ta yi.

"Na yafe, ranka ya daɗe. Amma ba ni ka kora ba. Tashi mu je wajen Inna Binta kafin la'asar."

Suka same ta a bayan gari inda ake turara shinkafa, manyan tukwane suna ta tururi, hayaƙi na shiga ido. Mata sun fi goma a wurin. Hedimasta ya cire takalmi ya durƙusa.

"Inna, barka da aiki."

"A'a, Malam, yau kuma da gaisuwa? Me ya kawo ka injin gyaran shinkafa?"

Matan suka ƙyalƙyale da dariya. Ya haɗiye, domin ya san shi ya saya.

"Inna, na yi kuskure. Na yanke hukunci a kan abin da ban sani ba. Gobe za a zo ƙirga yara, idan ba a same su ba, tsallaken kanal za a mayar da su."

Dariyar ta tsaya. Inna Binta ta gyara itace a murhu, sannan ta ɗago.

"Ɗan nan, jikokina shida ne a makarantar nan. Kana zaton muna son a rufe ta? Ba yaji muka yi ba. Shinkafar da aka turara ba ta jira, idan ba ta sha rana ba ta lalace, kuma da ita muke ci. Za mu dawo. Amma a gaban jama'a ka kore mu, don haka gobe kai za ka buɗe ƙofa, kai za ka baza buhun farko da hannunka."

Ya ce ya yarda.

Washegari tun bakwai barori suka fara shigowa, yara na biye a baya cikin kayan makaranta. Malam Jamaluddeen ya sha farin kaftaninsa na tarbar baƙi. Ya naɗe hannun riga, ya tuɓe takalmi, ya shiga baza shinkafa. Inna Binta na tsaye a kansa tana gyara masa: "Ka yi kauri a nan, Malam. Ja da ƙafa, ba ta cizo."

An ce masa baƙi sai ƙarfe goma. Takwas da rabi motarsu ta shigo.

Shugabar tawagar, Hajiya Aziza, ta fito da fayil a hannu. Ta kalli filin, ta tambaya, "Ina hedimasta?"

Aka nuna mata mutumin da ke tsakiyar shanya, ƙafa babu takalmi, ƙaiƙayi har a hula.

Ya taho yana kakkaɓe riga.

Ta ce, "Malam, wa ya ba da izinin shanya a filin makaranta?"

Malama Rabi'atu ta sunkuyar da kai. Daga muryar Hajiya ba za ka gane yabo ne ke tafe ko faɗa ba. Da ya so, sai ya ce shi baƙo ne, haka ya tarar.

Amma sai ya ce, "Hajiya, idan laifi ne, nawa ne, domin ni na buɗe ƙofar yau da hannuna. Idan kuma abin kirki ne, ba nawa ba ne. Malama Rabi'atu ce ta shirya shi da iyayen yara shekara uku da suka wuce. Ni abin da na yi shi ne na kore su ranar Litinin, cikin kwana biyu na rasa kusan rabin ɗalibaina."

Hajiya Aziza ta buɗe fayil ɗinta. Ta shiga aji-aji tana ƙirga kawuna, tana dubawa da rajista. Ɗari biyu da casa'in da huɗu ta samu, kuma 'yan mata sun fi maza yawa. Ta zauna da Inna Binta a gindin darbejiya sun daɗe suna magana. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta shiga mota ta tafi.

Mako biyu gari yana zaman jira. Sai ga takarda ta iso, a ranar kuma aka ji a labaran rediyo: an cire Gidan Hammadu daga jerin makarantun da za a haɗe, kuma ita ce ta zo ta ɗaya a yankin wajen zuwan 'yan mata makaranta. Malama Rabi'atu tana jin haka ta zauna a kan benci, ta rufe fuska da mayafi tana ta hamdala. Hedimasta ya sauke ajiyar zuciyar da ya riƙe tun ranar Laraba.

A wajen taron karramawa, Hajiya Aziza ta faɗi abin da ba ta faɗa ba ranar nan.

"Ni 'yar Madobi ce. Sai da na shekara goma sha ɗaya kafin na shiga aji ɗaya, saboda gadin shanya a bakin titi. Da na shiga filin makarantar Gidan Hammadu na ga shinkafa a waje, yara mata a cikin aji, sai da na yi da gaske na riƙe hawayena."

Aka kira hedimasta ya karɓi lambar yabo. Ya hau, amma ya ƙi miƙa hannu. Ya ce sai Malama Rabi'atu da Inna Binta sun hau tukuna. Su biyun suka riƙe ta tare, jama'a na tafi.

Da aka miƙa wa Inna Binta abin magana, sai ta ce, "Mun gode. Malamin namu ma ya yi ƙoƙari. Har yanzu dai bai iya baza shinkafa ba, amma ya koyi gaisuwa."

Wuri ya kaure da dariya, kuma babu wanda ya kai Malam Jamaluddeen yin ta.

Darasi: Kada ka rushe abin da ka tarar kafin ka tambayi dalilin da ya sa aka gina shi. Matambayi ba ya ɓata, kuma minti biyar na saurare ya fi kwana uku na da-na-sani. Idan ka yi kuskure, durƙusawa ba ta rage maka komai. Idan kuma kai aka zalunta, ka yi haƙurin Malama Rabi'atu, aikinka zai yi magana a madadinka. Ku tura wa malamai, da iyaye, da duk wanda aka ba sabon muƙami, ko Allah Ya sa wani ya tsaya ya yi tambaya.