Rahoton Alassani a Kan Zugawa da Gudumawa

Akwai wani mutum a tsohon Zongon Lome mai suna Alassani. Wannan abu ya faru a farkon shekarun saba'in, lokacin da jam'iyya ɗaya tak ce a ƙasar, kuma mutum kan duba hagu da dama kafin ya yi tari a kan maganar mulki.

Alassani ya yi lakwal, wato makarantar boko, yana jin Faransanci kamar ruwa, ga rubutu mai kyau. Shi ne mataimakin magatakardan jam'iyya na unguwa, amma tafiyarsa ta minista ce. Burinsa a cire kalmar "mataimaki" daga gaban sunansa. In an gaishe shi da Hausa sai ya amsa da Faransanci, ko da mai gaisuwar ta goya shi yana jariri.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Baba Mato, wani dattijo mai ƙera bokiti da mazurari da farin ƙarfe. Kullum bayan la'asar Baba Mato kan ajiye gudumarsa, mutane su cika bencin rumfarsa, ya ci gaba da ba su tarihin wadanni, mutanen nan gajeru masu ƙirji kamar turmi da ke zaune a cikin wani dutse da ba ya kan taswirar kowa. Daga kansa yake ƙago labarin, kuma ya shekara huɗu yana yi bai kai ƙarshe ba.

Birane biyu ne a dutsen. Guduma na can ƙololuwa, suna da tama amma ba su da isasshen ruwa. Zuga na can ƙarƙashi, suna da ruwa da gawayi amma ba su taɓa ganin rana ba. Kowane na bukatar ɗan'uwansa, kuma sun shekara ɗari tara suna gaba.

Mutanen Zongo sun ɗauki abin da zafi. Sabitu mahauci ya zama na Gudumawa, Haliru mai goro ya zama na Zugawa, har ta kai su ga kwana uku ba sa gaisawa. Ko mata masu soya doyar nan da ake kira koliko a bakin hanya sun rabu gida biyu.

Alassani bai taɓa zama a bencin nan ba. A ganinsa mai satifiket ba ya zama da masu ƙera bokiti. Wucewa kawai yake yi, hancinsa a sama, kunnensa kuma a buɗe.

Wata Talata yana wucewa ya ji Haliru na cewa Zugawa sun gama shiri, sun ƙera guduma dubu uku, ramin da suke haƙawa ya kusa kai wa ƙarƙashin fada. Sabitu ya ce ƙarya ne, Gudumawa na nan tafe daga arewa, kuma Mai Dogon Gemu ba zai sauka daga kujera ba. Wani daga gefe ya ce ai majalisa ta riga ta yanke, tsige shi za a yi kafin damina.

Alassani ya tsaya cak, ya yi kamar yana gyara takalmi. A ransa ya ce Zugawa, wato masu zuga jama'a. Gudumawa kuwa, gudummawa ce daga arewa, ƙila ma daga ƙetaren iyaka. Mai Dogon Gemu lalle sunan ɓoye ne na wani babba a gwamnati. Ga makamai, ga rami, ga lokaci. Ƙungiya biyu a ƙasar da aka yarda da ɗaya.

Tambaya ɗaya da ya yi wa ko mai koliko da ta warware masa. Amma tambaya na nufin bai sani ba, shi kuwa bai yarda akwai abin da mai koliko ta sani shi bai sani ba.

Kwana uku yana wucewa yana gyara takalmi a wuri ɗaya. A rana ta huɗu ya zauna ya cika shafi shida da Faransanci mai kyan gaske, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin "guduma dubu uku", ya tsallake magatakarda, ya kai wa kwamisan 'yan sanda hannu da hannu.

Washegari da hantsi mota ta tsaya a ƙofar rumfa. Aka ɗauki Baba Mato, da Sabitu da jini a rigarsa ta aiki, da Haliru da goro a kumatu. Aka kwashe gudumar Baba Mato guda huɗu a matsayin shaida. Zaituna, matar Baba Mato, ta biyo motar ba takalmi har bakin titi. A zamanin nan wanda aka ɗauka a kan irin wannan magana ba a san ranar dawowarsa ba, kuma kowa a Zongo ya san haka.

A ofis aka tarar da matsala. Kwamisa mutumin kudu ne, yaren Mina da Faransanci yake ji. Baba Mato kuwa Minarsa ta ciniki ce. Kwamisa ya waiga ya ga Alassani tsaye cikin kwat, ya ce tunda shi ya kawo maganar, shi zai yi tafinta.

Tambayar farko ita ce su wane ne shugabannin Zugawa, kuma ina suke ɓoye.

Baba Mato ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, Zugawa ba su da shugaba. Maƙera arba'in ke mulkinsu. A majalisarsu mutum kan yi magana ne muddin yana tsaye da ƙafa ɗaya, in ya sauke ɗayar maganarsa ta ƙare. Suna cikin dutse, tafiyar kwana biyu zuwa ƙasa."

Alassani ya fassara, amma muryarsa ta ɗan sauka. Kwamisa ya ce tsawonsu fa, a ba shi kamanninsu. Baba Mato ya nuna da hannunsa daidai gefen tebur, ya ce wannan shi ne dogonsu.

Nan Alassani ya fara gane abin da ya aikata.

Kwamisa ya ajiye biro ya ce a fara masa daga farko. Baba Mato kuwa an taɓo masa inda yake so. Ya ce asalinsu tagwaye ne 'ya'yan sarki ɗaya, uban ya raba musu dutsen, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Rigimar farko ta hayaƙi ce: hayaƙin maƙerun Zuga na hawa yana baƙanta shanyar matan Guduma, su kuma matan suka riƙa zuba ruwan wanki a bututun hayaƙin yana kashe wutar Zugawa. Shekara sittin aka yi ana wannan yaƙi.

Sai kuma Yaƙin Akuya. Wata akuya ce ta tsaya a kan iyaka, bakinta na cin ciyawar Guduma, Zugawa na tatsar nononta ta baya. Aka yi shekara bakwai ana gwabzawa, akuyar ta mutu don tsufa a shekara ta biyu, ba wanda ya lura.

Duk wannan ta bakin Alassani yake fita, kalma bayan kalma, cikin Faransancin nan nasa mai kyau. Ɗan sandan da ke tsaron ƙofa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa.

Aka zo kan Mai Dogon Gemu. Baba Mato ya ce a Guduma duk shekara ana auna gemun manya da igiya, wanda nasa ya fi tsawo shi ne sarki. Shi ya sa 'yan siyasar Guduma ke kwana da gemunsu a cikin jaka, don abokin hamayya na yawo da almakashi. To yanzu an gano sarki mai ci ya ƙara nasa da gashin wutsiyar jaki, majalisa na son tsige shi, Zugawa kuma sun ga dama ta samu suna haƙo rami zuwa fadarsa.

Sabitu bai iya haƙuri ba, ya ce ba a tabbatar da maganar wutsiyar jakin ba, sharrin Zugawa ne. Haliru ya ce shaidu uku suka gani. Suka fara musu a gaban kwamisa, sai da ya buga tebur.

Kwamisa bai yi dariya ba. Ya ɗauki shafi shidan nan ya dube su, ya dubi Alassani. Ashe tun da safe ya riga ya buga wa na sama da shi waya ya ce ya bankaɗo makirci. Yanzu dole ya sake bugawa ya ce makircin na wadanni ne masu auna gemu. Ya ce a saki mutum ukun, a mayar musu da gudumarsu. Alassani kuwa a cire masa bel da igiyar takalmi, zai zauna a ciki har sai an yanke abin da za a yi da mai wasa da hankalin hukuma.

 Alassani ya fi kowa sanin abin da wannan ke nufi, don shi ke buga irin waɗannan takardu.

Sabitu da Haliru suka nufi ƙofa. Baba Mato bai tashi ba. Ya ce yana da sauran magana, kuma ba mai fassara ta sai Alassani.

"Gaya masa, ɗana. Ka ce duk abin da ka rubuta an faɗa a rumfata, ba ka ƙara ko guduma ɗaya ba. Ka ce ba ƙarya ka yi ba, wauta ka yi. Ka ce masa wawa ba a kulle shi, gida ake mayar da shi."

Alassani ya tsaya riƙe da wandonsa da hannu ɗaya, ya gaya wa kwamisa da bakinsa cewa shi wawa ne. Kwamisa ya ce bai ji sosai ba, ya maimaita. Ya maimaita.

Kwamisa ya juya biro a hannunsa. Can ya yi gyaran murya ya ce, don kammala bincike kawai, yana son ya san ko ramin ya kai fada, kuma ko gemun na jabu ne da gaske.

Baba Mato ya ce shi ma bai sani ba tukuna. Ya ce labarin kan zo masa ne yana aiki da zuciya a kwance, kuma ba ya jin zuciyarsa za ta kwanta yana jin kukan uwar Alassani ta bayan katanga. Ƙila wadannin su tsaya a cikin ramin nan har abada.

Kwamisa ya daɗe yana kallon dattijon. Daga nan ya yayyaga rahoton, ya jefa wa Alassani bel ɗinsa, ya ce su ɓace masa da gani. Amma ya ƙara da cewa duk Juma'a Alassani zai zo ya gaya masa inda aka kwana a dutsen, a tsaye, kuma da ƙafa ɗaya.

Kafin su iso gida labari ya riga su. Magatakardan da aka tsallake ya karɓe makullin ofis daga hannun Alassani a ranar. Sabitu da Haliru, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, suka yarda cewa ba mai sayar masa da nama ko goro. Baba Mato ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri.

Sati guda Alassani bai fito ba. Da ya fito, rumfar ya nufa. Ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa ya gaida Baba Mato da Hausa. Ya nemi gafarar Zaituna, ta ce ta yafe amma kada ya ƙara bi ta ƙofarta da biro a aljihu. Sannan ya tambayi dattijon dalilin da ya sa ya cece shi, alhali shi ya so ya hallaka shi.

Baba Mato bai ɗago daga bokitin da yake bugawa ba. Ya ce, "Da an kulle ka, wa kake zato za a aika ya gaya wa uwarka Hajiya Rahmatu? Ni ne maƙwabci. Na gwammace in fuskanci kwamisa sau goma da in fuskanci uwarka sau ɗaya. Riƙe mini nan."

Alassani ya naɗe hannun kwat ya riƙe bokitin.

Darasi: Guntun magana ba magana ba ce. Kafin ka kai ƙarar mutum, sauke girman kai ka tambaya, don rubutun da ka yi da sunan neman matsayi na iya raba wani da iyalinsa, ko ya raba ka da naka. Kuma in Allah ya ɗora ka a kan wanda ya cuce ka, ka zaɓi afuwa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin yaɗa abin da suka ji a wucewa.