Fanka Uku da Madafar Mama Liyatu

Akwai wani mutum a wani gari, sana'arsa ɗaukar bidiyon bukukuwa. Yana da kwamfuta irin ta kan tebur, mai babban akwati baƙi, da ita yake yanka hotuna yana jera su. Yana ji da ita ƙwarai da gaske. Ko matarsa ba ta isa ta ajiye kofin shayi kusa da ita ba.

Ana nan sai Zumuntar Mata ta majami'arsu ta cika shekara hamsin. Suka ba shi aiki ya bi tsofaffin da suka kafa zumuntar gida gida, ya ɗauki waƙoƙinsu da labaransu, a haska a bango ran Asabar a gaban baƙi. Mahaifiyarsa kuwa, Mama Liyatu, ita ce babba a cikinsu. Duk wanda ta tare a hanya sai ta ce, "Ɗana ne zai sa mu a bango. Ku zo da wuri, kada ku rasa benci."

Ran Laraba ya zauna haɗa aikin. Bazara ce, gari ya ɗau zafi. Bai yi rabin awa ba kwamfuta ta hau gurnani, sai ɗif, ta mutu. Ya kunna, ta sake mutuwa. Da ya taɓa akwatin sai ya janye hannu, kamar ya taɓa murfin tukunya.

Mutumin nan ya ce a ransa, "Iska take so." Ya tafi kasuwa ya sayo sababbin fanka biyu ƙanana na kwamfuta, har da masu fitila shuɗiya, ya ɗaura su a gaban akwatin suna jawo iska ciki. Yana cikin ɗaure sukurori sai ya ji tsohuwar fankar baya tana hura masa iska a hannu, wato waje take fitarwa. Ya riƙe baki ya ce, "Ashe ke ce ɓarauniyar! Ina tara iska kina zubarwa?" Nan take ya kwance ta, ya juya fuskarta ciki. Bai tsaya nan ba, jama'a. Ya samo salatif ya liƙe ramukan da ke saman akwatin kaf, wai kada sanyi ya tsere. Ya koma gefe yana kallon fitilu, yana yaba wa kansa.

Ran Alhamis kuwa ko minti ashirin ba ta ƙara yi. Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ba tsoron baƙi yake yi ba, fuskar tsohuwarsa yake hangowa a gaban farin bango, ga anko an sha, ga ba abin kallo.

Ran Juma'a da hantsi sai ga Mama Liyatu da kwanon kunun gyaɗa, ta zo ta ga kanta a bidiyon kafin kowa ya gani. Ta tarar da shi zaune ya yi tagumi, gumi na zuba. Ya gaya mata gaskiya. Ta ajiye kwanon kunun. Ta matsa kusa da akwatin, ta kai bakin gyalenta gaba, fanka ta ja shi. Ta zagaya ta kai shi baya, nan ma fanka ta ja shi.

Ta ce, "To, ta ina zafin yake fita?"

Ya ce, "Mama, wannan fa ba murhu ba ne."

Ta ce, "Yana zafi ko ba ya zafi?"

Ya ce, "Yana yi."

"To, murhu ne. Sa'ad da aka kawo ni gidan ubanka, ya gina mini madafa da ƙatuwar ƙofa, taga babu. Wata guda ina hawaye ba wanda ya mutu. Ran da na gaji na ɗauki taɓarya na huda bangon baya, ran nan hayaƙi ya sami hanya, wuta ma ta kama da kyau. Kai ɗan ubanka ne, shi ke nan."

Kunya ta kama shi, dariya ma ta kama shi. Ya ɗauki sukudireba ya mai da fankar baya yadda take a da, ya ɓare salatif ɗin nan duka. Wayoyin da suka cunkushe a tsakiya ya tattara su gefe ya ɗaure, ya kuma janye akwatin daga jikin bango. Da ya kunna, sai iska mai ɗumi ta bugo ta baya, gurnani ya kwanta. Kafin la'asar aiki ya kammala.

Ran Asabar majami'a ta cika maƙil. Da fuskar Mama Liyatu ta fito a bango tana rera waƙar da suka fara zumunta da ita, mata suka rangaɗa guɗa, ita kuwa ta share hawaye da gyalen nan. Har yau idan an yaba wa ɗanta sai ta ce, "Ya yi ƙoƙari. Amma injin, ni na gyara."

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Akwatin shi ne zuciyar mutum. Iskar da ke shiga ita ce maganar Allah, da waƙa, da addu'ar da ake yi mana. Wasunmu ba a bar mu a baya ba wajen jawowa. Sujadar safe muna nan, nazarin Laraba muna nan, taron farkawa mu ne a bencin gaba. Madalla! Amma fushin da muka ɗauka tun bara yana ciki, mun liƙe masa hanya da salatif. Ba mu furta laifinmu ba, ba mu yafe na wani ba. Shi ya sa da an taɓa mu kaɗan sai zafi, da an ba mu ɗan aikin Ubangiji sai ɗif. Daga nan mu ce wa'azi ne bai ishe mu ba, a ƙaro wani.

Kuna dariyar mai bidiyo, ko? Ni ma na yi, har sai da na tuna wata huɗu ke nan ban gai da maƙwabcina Kefas ba, saboda akuyarsa ta cinye mini yakuwa. Wata huɗu ina koya muku a nan, ina wuce ƙofarsa da fuska a ɗaure. Jiya da safe na ƙwanƙwasa masa. Ga shi can zaune a bencin baya yana murmushi, ku tambaye shi.

Kowa ya san ƙofar da ya daɗe yana wucewa. Kafin ka sa hannu a tuwon rana yau, je ka ƙwanƙwasa ta.